Kafin ka sayi mesar dunƙule ta farko: yadda zaka gane lafiyayya

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya fara kiwon maciji, ba a yin minti biyu sai ya zaro waya ya nuna min hoton wata mesa fara tas mai dabbare-dabbare, ko wata mai ruwan ɗorawa kamar nunanniyar ayaba, yace to irin wannan nake so. Ni kuma tambayata ɗaya ce, tana cin abinci? Sai kaji shiru. Ai ba banza ba ake cewa kyan ɗan maciji, launi shine abu na ƙarshe da ya kamata ya dame ka a sayen farko, mesa mara kyau wadda take cin ɓeranta duk sati ta fi maka kyakkyawa da zata yi wata huɗu tana kallon abinci kana kallonta.

Wannan mesar dai masu harkar suna ce mata bol faiton, a kimiyyance kuma Python regius, ni ina ce mata mesar dunƙule saboda halinta, da ta tsorata sai ta nannaɗe jikinta ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya, ba ruwanta da kai sara. Bata da dafi, matse abinci take yi. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, tun daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, da rana tana kwance a ramin ɓeraye ko cikin suri, sai dare ta fito. Babba bata cika wuce santimita 90 zuwa mita ɗaya da rabi ba, mata sun fi maza girma da kauri. Amma abin da mutane basa lissafawa shine shekaru. Shekara 20 zuwa 30 ba wani abu bane a wurinta in ana kula da ita, an ma taɓa samun wata a gidan namun daji na Saint Louis a Amurka da aka ƙiyasta shekarunta 62 lokacin da ta saka ƙwai a 2020. Kaga kenan abin da zaka saya yau zai iya ganin aurenka, ya ga 'ya'yanka, ya ga ka canza gida sau uku. In wannan lissafin bai kwanta maka ba tun yanzu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai doka, wannan ba sai na daɗe a kai ba. Akwai ƙasashe da garuruwan da suka hana ajiye mesa kwata-kwata, wasu sai da lasisi, wasu masu gidan haya ma basa yarda. Kuma tana cikin rukuni na 2 na CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wato ba a tsallaka iyakar ƙasa da ita sai da takarda. Bincika naka wurin kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Haka nan ka nemo likitan dabbobi da ya san macizai tun kafin ka buƙace shi, don ba kowane likitan kare da kyanwa bane zai iya duba maciji ba, kar sai ranar da ta kwanta ciwo ka fara yawo.

Gida kafin mesa

Kuskuren da kusan kowa yake yi, har da ni, shine a sayo mesa sannan a fara neman inda za a saka ta. A'a. Ka haɗa akwatin, ka kunna komai, ka bar shi yana aiki kamar sati ɗaya babu kowa a ciki kana duba ma'auni safe da yamma da tsakar dare. Gefe ɗaya ya zama da ɗumi, digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 27, don maciji baya haɗa zafin jikinsa da kansa, da tafiya daga ɗumi zuwa sanyi yake daidaita kansa. Danshin iska ya tsaya wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, in zata yi saɓa a ɗan ƙara. Duk abin da zai bada zafi, fitila ce ko tabarmar ɗumi ta ƙarƙashi, dole ya bi ta tamostat, na'urar nan da take yanke wuta in zafi ya kai inda ka saita. Wallahi kar ka yi wasa da wannan, maciji zai iya kwanciya a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba, shi yasa ma duwatsun nan masu ɗaukar zafi da lantarki ake cewa a rabu da su. Maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, masu matsewa yadda jikinta zai taɓa gefe da gefe, don ita ɗaki mai faɗi ba daɗi yake mata ba, tsoro yake bata. Kwanon ruwa mai nauyi da bazata kifar ba. Murfi mai kulle, don ƙarfin da take da shi sai ka gani zaka yarda. Babba tana son akwati kamar santimita 120 a tsayi, 60 a faɗi, 60 a sama, ƙarama kuma in zaka saka ta a babban wuri to ka cika shi da tarkacen ɓuya. Kar ka shimfiɗa ɗusar katakon sida ko fain, man da ke jikinsu yana cutar da numfashinta.

Daga ina ta fito

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Mesar da ake sayarwa kala uku ce ko da a ido duk ɗaya suke. Akwai wadda iyayenta a hannu suke, a hannu aka haɗa su, a hannu aka ƙyanƙyashe ta, ita ce zaka ga an rubuta CB ko CBB a jikin robarta. Akwai wadda ake ce wa CH, wato an kamo uwar da ciki daga daji ko an kwaso ƙwan, aka ƙyanƙyashe a gona, wannan sana'a ce babba a Togo da Benin da Ghana, daga can ake fitar da su dubbai zuwa Amurka da Turai da Asiya. Sai ta uku WC, wadda aka kamo da girmanta daga daji. Ta farkon ita zaka nema, ba wai don sauran ba mesa bane, sai don 'yar daji yawanci tana zuwa da kaska a jiki da tsutsa a ciki, ga wahalar hanya, ga shi ta saba da irin ɓerayen dajinta, ka miƙa mata farin ɓeran kiwo ta kawar da kai. 'Yan CH kuma sau da yawa ana tura su tun basu taɓa cin ko loma ɗaya ba, kai zaka yi aikin koya musu ci, kuma wannan ba aikin sabon shiga bane. Sun fi araha, eh, amma araha bata ado. Ga kuma maganar daji kanta, hukumar kare halittu ta duniya IUCN ta riga ta saka wannan mesar a jerin waɗanda suka kusa shiga barazana saboda yawan kwasa.

Tsakanin mai kiwo da kansa, da shagon dabbobi, da kasuwar baje kolin macizai, ni dai mai kiwo na fi so, saboda shi kaɗai ne zaka tambaya ya baka amsa daga littafinsa ba daga kansa ba. Shago wani lokacin yaron da ke tsaye a wurin bai san ma yaushe aka kawo ta ba. Baje koli kuma akwai zaɓi da yawa kuma zaka ga fuskar mai kayan, amma hannu ɗari ya taɓa mesar nan kafin naka, kuma hayaniyar wurin tana sa mutum ya sayi abin da bai shirya ba.

Tambayoyin da zaka yi basu da yawa amma kar ka ji kunya. Yaushe aka ƙyanƙyashe ta, nawa ne nauyinta yau a sikeli, namiji ce ko mace, yaushe ta yi saɓar ƙarshe kuma ta fita gaba ɗaya ko guntu-guntu. Sannan babbar tambaya, me take ci, wane girma, mai rai ko daskararre da aka narkar, sau nawa ta ci a jere ba tare da ta ƙi ba, kuma yaushe ta ci na ƙarshe. Mai kiwo na ƙwarai zai ciro kati ko ya buɗe waya ya karanto maka kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Wanda yace maka “ai tana ci sosai” ya tsaya a nan, ka sake tambaya, in ya sake maimaita haka ka gode masa ka wuce. Jaririya tana fitowa daga ƙwai da nauyin giram 50 zuwa 100, bata fara ci sai ta yi saɓar farko, kuma ni a ganina kar ka karɓi wadda bata ci aƙalla sau biyar a jere ba. In da so samu ne ma ka ɗauki wadda ta yi 'yan watanni ta kai giram 150 ko 200, ta riga ta miƙe, ko ta ƙi ci sati biyu saboda canjin wuri babu abin da zai same ta, ita kuwa jaririya bata da kitsen da zata jingina da shi.

Maganar ɓera mai rai da daskararre ka ɗauke ta da muhimmanci. Wadda ta saba da daskararre ta rage maka rabin wahala, ka ajiye a firiza, ka narkar, ka ɗumama, ka miƙa da dogon hantsaki shikenan. Ɓera mai rai kuwa yana cizo, in mesar bata jin yunwa aka bar su tare shi zai koma yana cin ta, akwai macizai da yawa masu tabo a baya saboda wannan sakacin. Kuma in ka san gidanku ba za a yarda ka ajiye matattun ɓeraye a firiza ba, toh a warware wannan tun yanzu.

Yanzu ka ɗauke ta a hannu

Kafin ma ka taɓa ta ka kalli wurin. Ruwa mai tsabta ne, akwai busasshen kashi a lungu, akwai wari, an tara su biyar-shida a roba ɗaya? In maƙwabciyarta tana da ciwo ka ɗauka ita ma ta kwasa. Wanke hannu, sannan ka ce a miƙo maka.

Lafiyayyar mesa in ta hau hannunka zaka ji ta da nauyi da tauri, tsoka ce zalla, tana riƙe yatsunka da wutsiya tana matsewa kaɗan. Ko ta dunƙule ba laifi, halinta ne, ka tsaya shiru minti biyu uku zaka ga kan ya leƙo, harshe ya fara fitowa fit-fit yana ɗanɗana iska. Wannan harshen alama ce mai kyau. Wadda ta saki jiki lakwas kamar tsohuwar igiya, bata riƙe ka bata dunƙule ba, mai shago yace maka ai mai sanyin hali ce, ba sanyin hali bane, rashin ƙarfi ne. Ka bi jikin da yatsa biyu a hankali tun daga wuya har wutsiya kana neman ƙulli, kumburi, ko inda ƙashin baya ya karkace ya yi gwiwa. Kalli siffar bayan, ya kamata ya zama a cike a zagaye, ƙashin bayan ana jin sa amma bai fito ba. In ya tsaya tsini kamar ƙoƙuwar rufin kwano, gefe da gefe sun zurma, fata ta yi naɗi-naɗi, to ramammiya ce. Juya ta ka ga cikin, fari ne sumul ko da ɗan ɗigo, bai kamata ka ga ja, ko launin tsatsa, ko ƙuraje masu ruwa ba, wannan ko ƙuna ce ko ruɓewar fata daga kwanciya a jiƙaƙƙen datti. Wajen da take kashi, can kusa da wutsiya, ya zama a rufe tsaf babu kumburi babu kashi a manne. 'Yan ƙayoyin nan biyu da zaka gani a gefensa ba ciwo bane, halitta ce, kowacce tana da su.

Sai kai. Kusanto da kanta kunnenka ka saurara, da gaske nake, ba cizon ka zata yi ba in ka yi a hankali. Numfashinta bai kamata ya yi ƙara ba. In kaji shaƙe-shaƙe, ko fito, ko ƙas-ƙas, ko ka ga kumfa a gefen baki, majina a hanci, miyau mai yauƙi, ko tana barin baki a buɗe tana ɗaga kai sama don ta samu iska, ajiye ta kawai. Ciwon huhu ne, kuma wani lokacin ba na sanyi bane kawai da magani zai kore, akwai bairos da ake kira nido wanda yake yawo a tsakanin mesa, yana yaɗuwa, kuma babu maganin da ke kashe shi. Bakin ya rufu daidai leɓe kan leɓe, ka roƙi mai ita ya ɗan buɗe maka, cikin ya zama ruwan hoda mai tsabta, babu jajayen ɗigo a dasashi, babu wani abu mai kama da cuku. Idanu su zama a cike suna sheƙi. In sun yi shuɗi-shuɗi kamar hazo kuma jikin duk ya dusashe, wannan saɓa zata yi, ba ciwo bane, amma ka dawo bayan sati ɗaya ko kwana goma ka ganta da sabuwar fata. In kuwa idon ya lotsa ko ya yi yamutse, ko tsohuwar fata ta maƙale a kansa ko a ƙarshen wutsiya, to an bar ta a bushe, ana iya gyarawa, amma ya gaya maka irin riƙon da aka yi mata.

Ƙuma kuma bari in daɗe a kanta don ita ta taɓa cin amanata. Mesata ta farko daga wani shago na ɗauko ta, na duba ido na duba baki na ji daɗi na taho gida. Kwana uku sai na lura kullum tana cikin kwanon ruwa a jiƙe, nace kai wannan akwai son wanka. Da na ɗaga kwanon zan canza ruwa sai na ga ƙasansa da baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa garin masoro, na murza ɗaya a farce sai ga jini. Ashe ba wanka take ba, nutsar da su take yi. Wata biyu na yi ina wanke akwati ina canza takarda ina bin maganin likita kafin na rabu da su, don ƙwansu a lungunan akwati yake, ka kashe manya wasu su ƙyanƙyashe. Ƙumar maciji bata fi kan allura ba, baƙa ce ko ja-ja in ta sha jini, tana ɓuya a zagayen ido, da tsagar nan ta ƙarƙashin haɓa, da 'yan ramukan da ke jere a leɓen sama waɗanda mesa take jin ɗumin abinci da su. Dabarar mai sauƙi ce, ka je da farar takardar goge hannu, ka ɗan jiƙa ta, ka bar mesar ta zare jikinta ta ciki, sannan ka buɗe ka kalla a haske. In akwai ɗigon da ke tafiya ka ga amsa. Ka duba hannunka ma bayan ka ajiye ta. Da na san wannan a lokacin da minti ɗaya ya ishe ni.

Gwaji na ƙarshe, ka kwantar da ita a bayanta a tafin hannunka ko a tebur, lafiyayya nan take zata murɗe ta koma daidai. Wadda ta kasa juyowa, ko kanta yana rawa, ko tana murɗa wuya tana kallon sama kamar mai ƙirga taurari, akwai matsala a jijiya ko ƙwaƙwalwa. Zai iya zama zafi ne ya taɓa yi mata yawa, zai iya zama cutar IBD wadda take kashe mesa kuma bata da magani, zai iya kuma zama gado, wanda shi ya kawo mu maganar launi.

Launi, wato mof

Masu harkar suna ce wa kowane irin launi da zane mof. Tun da wani mai kiwo Bob Clark ya fara samar da zabiya a hannu a 1992, wani mai kiwon Peter Kahl kuma ya tabbatar da faibol mai farin dabbare a 1997, abin ya zama kasuwa, yau haɗe-haɗen sun kai dubbai. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, fastel, zabiya, faibol, banana, kilawun, duk launi ne kawai. Amma akwai waɗanda launin ya zo da lalura a manne. Wanda ya fi shahara shine sifaida, mai siririn zane kamar saƙar gizo, kyakkyawa ne ba ƙarya, amma ƙwayar halittar da ta bada zanen ita ce ke kawo rawar kai, wani kaɗan ne sai lokacin cin abinci zaka gani, wani kuwa kan yana juyawa kamar abin buɗe kwalba, ya kai wa ɓera sara ya kuskure ya sari iska. Kuma jaririn da baya rawa yau ba tabbacin bazai yi gobe ba. A Ingila ƙungiyar IHS ta masu kiwon irin waɗannan dabbobi ta hana sayar da shi a baje kolinta tun 2018. Shamfen da woma su ma ana samun rawar kan a jikinsu. Sufa sinamon da sufa baƙin fastel kuma, wato waɗanda suka gaji launin daga uwa da uba duka, suna yawan zuwa da karkataccen baya ko baki mai kama da na agwagwa. Matsalar ita ce sunayen suna ɓoye abu, bambulbi misali fastel ne da sifaida aka haɗa, babu kalmar sifaida a sunan. Don haka ka tambaya kai tsaye, waɗanne ƙwayoyin halitta ne a jikinta, a lissafo maka ɗaya-ɗaya.

In ka tambaye ni, launin asali, baƙi da ruwan ƙasa mai zinariya-zinariya, babu abin da ya rasa, kuma kuɗin da ka rage a nan ka zuba shi a tamostat mai kyau. Namiji ko mace kuma ba wani bambancin hali, mace ta fi girma, namiji kuma ya fi yawan yajin cin abinci in lokacin barbara ya zo. Kar dai ka ce zaka gwada jinsinta da kanka ta hanyar matsawa ko zura ƙarfe, in ba a iya ba ana ji mata ciwo, bar wa wanda ya iya.

Saye ta intanet fa? Ana yi, kuma manyan masu kiwo da yawa haka suke sayarwa, amma kar ya zama cinikin biri a sama. Ka ce a turo bidiyo na yau, tana tafiya, an juya cikinta, an ɗora ta a sikeli, in da hali har na cin abinci. Ka karanta sharaɗinsu, in ta iso a mace ko da ciwo me za a yi, kuma awa nawa kake da shi ka kai ƙorafi. A turo ta da jigilar kwana ɗaya cikin kwali mai rufin kariya daga zafi da sanyi, ba a tsakiyar tsananin zafi ko tsananin sanyi ba, kuma ba a ba ta abinci ana gobe tafiya don zata iya harar da shi a hanya. Ka kunna kyamara tun kafin ka yanka salatif ɗin kwalin. Wanda yake matsa maka ka biya yanzu-yanzu wai wani na jira, ka bar wa wanin.

Da ta iso gida

Saka ta a akwati, rufe, ka tafi. Na san da wuya, kowa a gida yana so ya gani ya ɗauki hoto, amma sati ɗaya cur ba ɗauka ba abinci, ruwa kawai zaka canza. Watan farko zuwa na uku ka shimfiɗa mata farar takarda maimakon ƙasa ko ɓawon kwakwa, a kan fari ne zaka ga ƙuma ka ga irin kashinta. In kana da wasu macizai ko ƙadangaru to ɗaki daban, kayan aiki daban, kwana 60 zuwa 90, kuma ita ce ta ƙarshe da zaka taɓa a rana. Kashin farko da ta yi ka ƙulle shi a leda ka kai wa likita a duba tsutsa. Farin abu mai kama da alli da zaka gani tare da kashin kar ya tada maka hankali, fitsarinta ne. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko kayanta saboda ƙwayar salmonela, kar a wanke kwanonta a inda ake wanke kwanukan abinci, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu raunin garkuwar jiki kuma su tsaya a kallo.

Bayan satin, da daddare, ka kashe fitila ka miƙa mata daidai irin abin da mai ita yace tana ci, ba yanzu ne lokacin canza mata ba. Kaurin ɓeran kar ya wuce inda jikinta ya fi kauri, kuma ya ɗumama sosai musamman kan, don da ɗumi take gane shi. Ƙarama tana ci duk kwana 5 zuwa 7, babba kwana 10 zuwa 14 ko ma fiye. In ta ci, kar ka taɓa ta sai bayan awa 48. In ta ƙi, kar ka yi ta tura mata shi a fuska kullum, ka cire, ka duba zafi da danshi da maɓoya, ka jira wani satin ka sake gwadawa. Ka samu ɗan littafi da sikelin kicin, ka rubuta ranar, nauyinta, ta ci ko ta ƙi, in ta ƙi sau uku a jere kuma nauyin ya fara sauka sai ka kira mai kiwon ka karanto masa, daga nan ka wuce wajen likita da littafin a hannu.